Wutar Sama a Bangon Ɗakin Inna

A shekarun da nake magana, Gyaɗi-Gyaɗi ba ta zama yadda jikokina suka san ta ba. Gidaje ne 'yan kaɗan a bakin hanyar Zariya, sauran duk gonaki da itatuwan ɗorawa. Idan ka tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi, za ka hango mai tahowa daga Tarauni tun yana ɗan mitsitsi, har ka gane tafiyarsa kafin ka gane fuskarsa. Ni 'yar Tarauni ce, aure ne ya kawo ni. Ba zan iya faɗin shekarar da lissafin boko ba, don a lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe fensir. Abin da na riƙe shi ne ana sauran 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, kuma bazara ce, irin wadda ruwan randa ma yakan yi ɗumi.

'Yata ta fari tana da shekara bakwai a lokacin. Ba na kiran sunanta, har yau ba na kira, haka muka taso muka ga ana yi wa ɗan fari. Tun da aka yaye ta, uwar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke ta. A ɗakin Inna take kwana, a kwanon Inna take ci. Ni kuwa Yaya take ce mini, don yadda ta ji ƙannen ubanta suna kirana ke nan. Idan ta faɗi ta fasa gwiwa a tsakar gida, sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe, alhali hankalina duk yana can.

Yarinya ce mai son launi. Tana da wani tsohon gwangwani da take tara fasassun tangaran da gutsattsarin kwalba, ta zauna a inuwa ta jera su, ja da ja, shuɗi da shuɗi. Jeren kwanukan Inna kuwa ba ya kwana biyu yadda aka bar shi. Inna takan ce, "Ke ƙawata, wa ya sa ki? Kwanona ne ko na ubanki?" Ita kuma ta ce, "Inna, ai ba ki iya ba ne, kin sa ja kusa da ja, ba sa ganin juna."

A wannan bazarar ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ta. Zazzaɓin ya yi kwanaki ya sauka, ƙurajen suka bushe, muka yi hamdala. Amma idanun suka ƙi. Kullum da safe a manne suke da kwantsa, idan aka wanke da ruwan ɗumi aka ce ta buɗe, sai ta ƙwalla ƙara ta dunƙule fuska a cinyar Inna. Ubanta ya goya ta a keke ya kai ta wurin masu duba ido a cikin gari. Suka buɗe da ƙarfi tana kuka, suka ba da maganin ɗigawa, suka ce na hagu ya taɓu, na dama kuwa ita ce za ta faɗa mana ko tana gani, idan ta yarda ta buɗe da kanta. Suka kuma ce kada a bari ta zauna a rufe, sai tana buɗewa maganin zai shiga.

To, ta ƙi. Ta samo wani tsumman ɗankwali ta ɗaure fuskarta da shi, ta koma ƙuryar gado. Kwana goma sha ana haka. Maganin rabi yana shiga, rabi yana bin kumatu. Ba wanda ya furta a gidan, amma kowa ya san abin da ake tsoro. Akwai wata yarinya a Hotoro, 'yar ƙanwar Inna, da ƙyanda ta bari ana ja mata sanda.

Maigida masinja ne a wani ofis a Nasarawa. Tun kafin ciwon ya zo da labari cewa Turawa za su yi wani bikinsu a filinsu, kuma za su harba wuta sama, wuta mai launi, wadda ba ta ƙona komai. Ba wanda ya yarda da shi sai yarinyar. Ta sa shi ya yi mata alkawari zai kai ta gidan kakanninta a Tarauni, don daga bayan gidan ana hango wajen sosai. Ranar ta zo tana kwance. Na shiga ɗakin da kunun tsamiya, na ajiye zan fita kamar yadda na saba, sai na ji ta ce, "Yaya."

Na tsaya.

"Yau ne ko?"

Na ce, "Yau ne."

"Ki je ki kallo mini. Ki kalla da kyau, kada ki yi ta sunkuyar da kai yadda kike yi."

Inna ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta ce, "Kin ji ai. An aike ki. Ɗauki mayafinki ki tafi, ina nan da ita."

Da la'asar sakaliya na bi hanyar gonaki zuwa Tarauni. Bayan sallar isha'i muka fita bayan gida, ni da mahaifiyata da matan maƙwabta, maza suna can gefe wajen rumbuna. Muka yi ta jira har wasu suka fara cewa ƙaryar 'yan boko ce. Can sai muka ji wani fito siriri, wani ɗan haske ya tashi daga wajen Nasarawa kamar an jefa garwashi. Ya yi sama, ya yi sama, ya ɓace. Na buɗe baki zan ce shi ke nan, sai ya fashe.

Ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Ya buɗe kamar laima, ya zubo a hankali, ƙarar ba ta iso mu ba sai da ya kusa mutuwa. Awakin Babana suka tsinke igiya. Mahaifiyata ta riƙe hannuna tana salati, tana cewa taurari ne suke zubowa, a shiga gida. Wata tsohuwa ta ruga da gaske, ta bar takalmi ɗaya. Ni kuwa na tuna aike ne, na ɗaga kai na kafe ido. Rawaya ta biyo baya, tana tartsatsi kamar an watsa gero a wuta. Sai shuɗi, sai fari mai yawa da ya haska gonaki har na ga kunyoyin bara. Daga ƙarshe aka harba wani kore. Shi bai fashe da ƙarfi ba, ya tsaya a sama ne, sannan rassansa suka sunkuyo ƙasa kamar bishiyar da ruwa ya jiƙa. Na yi ta maimaita su a zuci, ja, rawaya, shuɗi, fari, kore, kamar mai tsoron kada saƙo ya zube a hanya.

Da sassafe na koma. Na zauna a bakin gadon Inna, abin da ban saba ba, na fara ba yarinyar labari.

Ta ce, "Ja kamar me?"

"Kamar barkono a shanya."

"Barkono ai ba ya haske."

"To, kamar garwashi idan an hura."

"Koren fa?"

Na ce kamar gero ne sati biyu bayan shuka. Ta ce, "Ban gane ba, Yaya. Ba ki iya faɗa ba." Ta juya fuska bango. Gaskiyarta, ni ba mai baki ba ce. Amma da na ga inda ta juya, sai wani tunani ya zo mini. Bangon nan ne take fuskanta dare da rana. Idan na sa wutar a jikinsa, ko don son ganin ƙwaƙwaf za ta ɗaga tsumman.

Kayan da zan yi aiki da su duk na gida ne. Na jiƙa karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi, ya ba ni ja. Na daka gangamau ya ba ni rawaya. Bular wanki ta ba ni shuɗi. Na narka ƙaro na zuba a kowanne don ya kama bango. Kore ne ya gagara. Na kirɓa ganyen zogale na tace, na gwada a bayan murfi, ya bushe ya koma kalar miyar jiya. Na haɗa bula da gangamau, suka ba ni ruwan kwata. Na ce bari in fara da abin da ke hannu.

Sai na yi abin da kowace mace a garinmu za ta yi idan za ta gyara ɗaki. Na kwaɓa farar ƙasa na shafe bangon tas, har sau biyu, ya yi fari fat kamar ana jiran amarya. Mu a wurinmu ado daga nan yake farawa, ban taɓa jin an yi wani abu a bango ba tare da an fara da farar ƙasa ba. Da ya sha iska na ɗauko tsinke na zana wutar a kai.

Ba ta yi kama da komai ba. Jan ya koma kamar an tofa goro, rawayar ta ɓace, shuɗin kamar an ɗiga ruwan wanki. Duk da haka na ce wa yarinyar ga shi na zana. Ta ɗan ɗaga tsumman da yatsa ɗaya. Hasken hantsi yana shigowa ta ƙofa yana dukan farin bangon, ya dawo mata a ido. Ihun da ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ranar ko maganin ba ta bari an ɗiga ba. Na koma madafa na zauna, ban hura wuta ba, ban yi komai ba.

A nan matar mai fenti ta same ni. Mijinta mutumin Kudu ne, Kirista, yana da rumfa a bakin titi inda yake yi wa manyan motocin gyaɗa zane, zaki da dabino da tsuntsaye. Ita kuma takan zo sayen man gyaɗa a wurina, Hausarta ta nuna sarai, ga ta da barkwanci. Ta ga hannuwana ja da rawaya ta ce, "Maman yara, ko kin ƙwace wa mijina sana'a ne?" Na gaya mata abin da ya faru. Ta ajiye kwalbarta ta leƙa ɗakin, ta fito tana riƙe baki.

Ta ce, "Ke da kika je kallon, da rana aka yi?"

Na ce, "Da dare."

"To ina daren? Kin zana wuta kin bar dare a Tarauni. Mijina idan zai sa tauraro a jikin mota, baƙi yake fara shafawa. Sa baƙi, 'yar'uwa. Kuma ki haɗa kalolin nan da farar ƙasarki kaɗan, su yi kauri, in ba haka ba baƙin zai shanye su."

Na ga gaskiyar maganar nan take. Faɗa wa Inna ne aiki.

"Baƙi? A ɗakina?" Inna ta ajiye mazarinta. "Ɗakin da marar lafiya ke kwance? Madafa ce? Mutane su shigo dubiya su ga bango baƙi ƙirin, su ce mun fid da rai? Ke dai wani lokaci shirunki ya fi maganar wasu ban tsoro."

Ban taɓa mayar mata da magana ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na bar ta ta huce har bayan azahar. Sannan na ɗebo gawayi na daka ya yi laushi, na tankaɗe, na dafa shi da ƙaro yadda na ga Baba yana yi wa ɗalibansa tun ina ƙarama. Na zuba a ƙoƙo na kai gabanta na durƙusa.

Na ce, "Inna, duba mini wannan, ko ya yi?"

Ta tsoma yatsa ta murza, ta sansana. "Wannan ai tawada ce."

"Ita ce. Ita nake so in shafa."

Ta daɗe tana kallon yatsanta. Daga ƙuryar gado muryar yarinyar ta fito, a dushe. "Inna, ki bar ta mana. Farin nan cizo yake yi."

Inna ta goge yatsa a zaninta ta ce, "Bango ɗaya. Kuma idan mutane suka tambaya, ke za ki yi bayani, ni ba ruwana."

Tawadar da ta isa bango ba kaɗan ba ce. Kwana biyu ina daka gawayi. Na shafe bangon da tsumma, daga inda gadon ya tsaya har inda hannuna ya kai ina kan turmi. Ɗakin ya yi duhu, ya yi sanyi a ido. Maigida ya dawo daga aiki ya leƙa, ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya ce, "Allah ya sa a dace," ya fita. Bai ƙara ko kalma ba, na kuwa gode masa.

Washegari na sake haɗa launukan, na yi musu kauri da farar ƙasa yadda aka ce. Na tauna bakin asawaki ya yi laushi, na tsoma a ja, na ja layi ɗaya daga tsakiya zuwa waje. Sai da na ja da baya. Jan da ya mutu a kan fari, ga shi nan yana ci kamar a taɓa a ƙone. Na yi laimar ja da rassanta. Na yi shuɗi a gefenta, don na tuna ja ba ya son zama kusa da ja. Rawayar kuwa da tsintsiya na yi ta, na tsoma bakinta ina bugawa a hannu tana fantsama, yadda muke yayyafa ruwa kafin shara. Na ɗiɗɗiga fari da gashin kaza. A sama ta hannun dama, inda koren ya tsaya a daren nan, na bar wurin baƙi, don ba ni da abin sawa.

Duk wannan aikin yarinyar tana kwance tana ji. Takan ce, "Yanzu wanne kike yi?" In faɗa mata. Da na gama ban ce ta buɗe ba. Na riga na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Na sauke labulen ƙofa, na kwashe ƙoƙunana, na zauna a ƙasa ina tsince wake a faifai, Inna tana kaɗi a gefe.

Ranar ba ta buɗe ba. Washegari ma haka, har na fara tunanin na ɓata wa tsohuwa ɗaki a banza. A rana ta uku, bayan la'asar, muna zaune yadda muka saba, na ga hannunta ya tafi wajen ƙullin tsumman. Inna ta daina kaɗi. Na yi mata alama da ido ta ci gaba, don kada shirun ya tsorata yarinyar. Tsumman ya sauka. Idanun suka yi ta ƙiftawa, hawaye yana zuba, ta rufe, ta sake buɗewa kaɗan. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe fuskarta tana wajen bangon, ni kuwa ban san ko gani take yi ba, ko duhu ne kawai ya yi mata daɗi. Waken da ke hannuna na matse shi har ya yi mini shaida a tafi.

Sai ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Ina koren?"

Na ajiye faifan.

"Kin ce akwai kore mai rassa. Ga ja, ga shuɗi, ga rawaya duk kin watsar da ita. Can wurin babu komai. Ko ƙarya kika yi mini?"

Inna ta saki mazari ya gangara ƙarƙashin gado, tana ta hamdala da ƙarfi. Ni dai na ga kaina a bakin gadon, na riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu, a gaban uwar mijina, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka yaye ta. Inna ta sunkuya wai tana neman mazarinta, ta daɗe ƙwarai ba ta same shi ba.

Daga ranar ta yarda ana ɗiga magani, muddin fuskarta tana wajen bangon. Bayan kwana huɗu aka ɗaga labule rabi, bayan sati ta fito tsakar gida da yamma tana kare fuska da tafi. Idon hagu ya tafi da hakiya, ɗan farin tabo da bai bar shi ba har girmanta, kuma ba ta gani da shi sai inuwa. Na dama ya warke sarai.

Matar mai fenti da ta ji labari, sai ga ta da ɗan gwangwanin madara an rufe bakinsa da takarda. Koren fentin mota ne mijinta ya zubo, mai ƙyalli, mai warin kananzir. Inna ta toshe hanci ta ce, "Wannan kuma a ɗakin nawa? To, ku ƙarasa ni." Na miƙa hannu zan karɓa, yarinyar ta riga ni.

Ta ce, "Ni zan yi. Ke ki gaya mini yadda ya sunkuyo."

Na ɗora ta a kan turmi na riƙe ƙugunta. Ta karkata kai don ta duba da idon dama, ta tsoma asawakin, ta ja reshe na farko ya yi sama.

Na ce, "Ƙasa zai yi, kamar ruwa ya jiƙa shi."

Ta ce, "Na ji, Yaya. Ki riƙe ni da kyau kawai."